Daga Dama Na Fara

Shekarar da aka cire tallafin man fetur, wadda mutane da yawa suka jingine baburansu a zaure suka koma neman mai rage musu hanya, ita ce shekarar da na karye a kafaɗa. Da man bai yi tsada ba, da a kan nawa babur nake ranar, ina tafiyata sannu kamar yadda na saba. Amma Allah Ya riga Ya ƙaddara bayan taubashina zan hau.

Ni malamin Arabiyya ne a wata firamare da ke wani ƙauye kusa da Kebbe. Karatuna na allo ne da na zaure, sai da na girma na shiga makarantar horon malamai. Ina karanta boko, amma kamar yadda mutum ke zama a gidan surukai, ba a sake ba. In zan rubuta wa kaina wani abu, ko da ranar da na yi shuka ce, da ajami nake rubutawa.

Taubashin nan nawa ɗan ƙanwar mahaifina ne, sa'ana, sana'arsa sayen hatsi kasuwa-kasuwa. Tunda ni ɗan namiji ne shi ɗan mace, tun muna yara bawa nake kiran shi, shi kuma yana ce mini Mai-tawada. Ba mu taɓa gaisawa ba tare da ɗaya ya tsokani ɗaya ba, ko a gidan gaisuwar mutuwa ne sai mun sami inda muka raɓe muka taɓa.

Ranar da abin ya faru damina ta yi nisa, ruwa ya cinye gefen hanya. Ya ɗauko ni daga makaranta, hanyarsa ta biyo ta nan.

"Mai-tawada, sassauta riƙon ga mana," in ji shi. "Ba gudu za ni yi in bar ka ba."

"Dubi gabanka, bawa."

"Gaban ga na san shi tun kana tsotson alƙalami."

Sai ya waiwayo don ya ga yadda fuskata ta yi. A wannan waiwayen ne tayar gaba ta faɗa inda ruwa ya zaizaye. Shi ya tashi da ƙujewa a gwiwa. Ni na sauka a kan kafaɗar dama, na ji ƙarar da ban taɓa ji ba a cikin jikina.

An kai ni wurin maɗori, ya ɗaure hannun ya haɗe shi da ƙirji. Kwana uku bayan haka taubashina ya zo gida. Ya durƙusa a bakin tabarma, ya miƙo mini hannunsa, ya ce, "Malam, ka yahe man."

Bai taɓa ce mini Malam ba sai ranar. Na dubi hannun da ya miƙo, na dubi nawa da ke ɗaure, na ce, "Ba ka ga hannun ba?"

Gaskiya na faɗa, hannun ba ya motsi. Amma bakina lafiyarsa lau, kalma ɗaya yake jira, na hana shi. Ya daɗe hannunsa na tsaye a tsakaninmu, sannan ya janye shi ya sa a aljihu. Ya ce, "To, ina bin ka wagga gaisuwa." Ya tashi ya tafi. Na rubuta wannan ne don kada in nuna kaina fiye da yadda nake.

Bayan mako shida aka kwance ɗauri. Ƙashi ya haɗe, alhamdu lillahi, amma kafaɗar ta sandare. Hannun ba ya wuce ƙirji. In zan ci tuwo sai in sunkuyar da kai in tarbi loma. In na zo kabbara, hagu ya kai kunne, dama ya tsaya a hanya.

Aka koma makaranta na koma, a nan na ga girman abin. Allon ajinmu na siminti ne, rabinsa na ƙasa ya daɗe da farfashewa, ba ya kama alli. Ko da yana kamawa, ajin cike yake, na baya ba sa ganin abin da ke ƙasa. Rubutunmu kuwa daga kusurwar sama ta dama yake farawa, daidai inda hannuna ba ya zuwa. Na gwada da hagu, ni kaina na kasa karanta abin da na rubuta.

Hedimasta mutumin kirki ne. Ya kira ni ofis ya ce zai raba darasina tsakanin malamai biyu har ƙarshen zango, ya kuma sanar da ofishin ilimi. Amma in aka dawo zango na biyu ban iya rubutu a allo ba, dole a turo wani, ni kuma a fara maganar ajiye aiki saboda rashin lafiya. Saura mini shekara uku in gama aiki da mutuncina. Ba na son yaran da na fara wa baƙi da wasali wani ya ƙarasa musu, ni ina zaune a ƙofar gida ina amsa sannu. Hedimastan ne ya ce in je asibiti a Tambuwal, akwai sashen gashin ƙashi, yana da labarin wani direba da suka tayar.

Taubashina ne ya kai ni. Ban roƙe shi ba, da safe na fito na tarar da shi a ƙofar gida. Tun daga Kebbe har Tambuwal bai waiwaya ba ko sau ɗaya.

Na zaci gashin ƙashi da ruwan zafi ake yi, ko da wata na'ura. Sai na tarar da ɗaki mai gado biyu, da igiya a rataye, da wata malama da ba ta wuce sa'ar 'yata ta biyu ba. Ta duba hoton ƙashin, ta sa na ɗaga hannu iyakar iyawata, ta auna ta rubuta.

"Baba, ƙashinku ya warke," ta ce. "Zama wuri ɗaya ne ya ɗaure kafaɗar, motsi ne zai kwance ta. Ni nuni kawai zan yi, aikin naku ne a gida."

Ta ɗauki takarda ta zana mutum huɗu a jere, irin zanen yara, kai da sanduna. Ba lamba, ba rubutu. Sannan ta miƙe tsaye ta shiga nuna mini kowane motsi da jikinta, tana sunkuyawa, tana ɗaga hannu. Ni kuwa, da tarbiyyar da aka yi mini, sai na kawar da ido na dubi ƙasa. Kunnena na jin bayaninta, idona na kan takalmana. Na ji ta ce a fara da na farko, safe da yamma, sai ya yi sauƙi a matsa na gaba, in dawo bayan mako uku. Ta ce na gane? Na ce na gane. Mutane na jira a waje.

Da na isa gida na shimfiɗa takardar a kan buzu, na fara karanta ta daga inda ake fara karatu. Mutumin farko yana tsaye, ya ɗaga gorar ruwa sama da kansa. Na biyu yana fuskantar bango, yatsunsa na hawa. Na uku yana zaune yana jan igiya. Na ƙarshe ya sunkuya ya dafa tebur, hannu ɗaya na lilo. Ko kaɗan ban yi shakka ba. Na ma yaba wa yarinyar a raina, na ce ga tsari irin na salla: a fara da tsayuwa da ɗaga hannu, a ƙare da ruku'u.

Na cika gorar roba da ruwa na fara. Ba zan iya kwatanta zafin ba. Hannun da ba ya ɗaga kansa na ɗora wa kaya, ina tallafa shi da hagu, ina cije leɓe, sau goma bayan asuba, sau goma bayan la'asar. A kwana na huɗu kafaɗar ta kumbura. Maiɗakina ta ce in dakata, wannan ba alamar sauƙi ba ce. Na ce mata magani ai da ɗaci yake, kuma malamar ta faɗa za a ji ciwo. Na ci gaba ina ganin haƙuri nake yi. Kafin mako uku su cika, hannun da ke kaiwa ƙirji ya koma ba ya wuce cibiya.

Da muka koma, malamar ta auna, ta sake aunawa, ta dube ni.

"Baba, kun ko yi abin da na ce?"

"Ban tsallake ko rana guda ba."

"Ku nuna mini wanda kuke yi."

Na fito da takardar na ɗora yatsa a kan mai gorar ruwa.

"Wannan ai shi ne na ƙarshe. Sai nan da wata biyu za ku kai gare shi. Me ya sa kuka tsallake uku?"

"Ban tsallake komai ba, 'yata. Shi na na farko."

Ta dubi takardar, ta dubi yatsana a gefen dama, ta dubi tabon tawada da ba ya barin farcena. Sai ta zauna a kan kujera ta rufe bakinta da gefen hijabi. Ta yi ƙoƙari ta danne dariyar, ta kasa.

"Baba, daga dama kuka karanta."

"To daga ina aka karatu?"

Taubashina na tsaye a bakin ƙofa. Na ga kafaɗunsa na rawa, ya juya ya fita da sauri. Da a da ne, da shekara goma zai yi yana ba da labarin nan a kowace kasuwa. Fitar da ya yi ba tare da ya ce komai ba ta fi mini kumburin ciwo.

Malamar ta share ido ta ce laifin nata ne, da ta sa lamba. Na ce a'a, nawa ne, da na kalli abin da take nuna mini. Ta ce to yau sai na kalla, ta kira wani ma'aikaci namiji ya yi motsin a gabana, ni ma na yi a gabansu har ta gamsu. Ta ce in huta kwana biyar kumburi ya sauka. Sannan ta miƙo mini biro ta ce in rubuta a ƙarƙashin kowane mutum, da rubutuna, wane ne na fari wane ne na biyu. Na ɗora takardar a cinya na rubuta da ajami. Ta tsaya tana kallo, can ta ce, "Allah kaɗai Ya san tsofaffi nawa na ba irin takardar nan." Ta roƙe ni in rubuta mata wata mai tsabta. Na ji daga baya ta buga ta da yawa, kuma yanzu daga sama zuwa ƙasa take jera mutanenta.

A hanyar komawa na yi lissafi. Na ɓatar da mako uku, ga kwana biyar na hutu, abin da ya rage kafin zango na biyu bai kai wata uku ba.

Na fara daga mai ruku'u. In dafa turmi da hagu, in sunkuya, in saki hannun dama ya yi ta lilo kamar guga a bakin rijiya. Abin ya yi mini kama da wasa, har ina jin kunyar a gan ni. Amma a kwana na goma na ji wani abu ya saki a cikin kafaɗar, kaɗan, kamar ƙullin da aka jiƙa.

Ranar da zan fara na igiya, na fito daga masallaci na tarar an rataya sabuwar igiyar guga a reshen dogon yaron da ke tsakar gidana, an ɗaura guntun ice a kowane baki don riƙo, an naɗe reshen da tsohuwar robar taya don igiyar ta riƙa zamewa. Maiɗakina ta ce taubashina ne, ya ce kada a ta da maganar. In zauna a kan kujera, hagu ya ja ƙasa, dama ya tafi sama ko yana so ko ba ya so. Da yake hannuwan biyu na riƙe da igiya, ba halin jan carbi, sai na riƙa ƙirgawa da baki: istigfari goma hannu na sama, salati goma hannu na ƙasa. Ban taɓa yin zikiri da hawaye kamar na wannan lokacin ba, ko da yake ba zan ce duka na tsoron Allah ba ne.

Duk mako biyu muna zuwa Tambuwal, malamar ta auna, ta ce an ƙaru, ta gyara mini tsayuwa. Ta lura ina ɗaga kafaɗa gaba ɗaya zuwa kunne don in yaudari ma'auninta. Ta ce, "Baba, ha'inci a awo." Na ce astagfirullah, na sauke.

Da aka yanke dawa na kai ga bango. A lokacin ne taubashina ya shigo da wani dogon kara, ya jingina shi a bangon ɗakina, ya ja layi da gawayi daidai kansa.

"Na biya makarantarku na auno allon," ya ce. "Nan na bakinshi na bisa, Malam."

Bai jira godiya ba. Na tsaya ina duban layin, ya yi mini nisa kamar ba a gidana yake ba. Yatsuna a ranar da kyar suka kai daidai haɓata.

Kullum safe da yamma in fuskanci bango, yatsu su yi ta hawa kamar tururuwa, in sun tsaya in dakata in ja numfashi, in ƙara ɗan kaɗan, in sa alama. Kowace Juma'a ina rubuta kwanan wata a gefen alamar. Har yau suna nan, na hana a shafe bangon. Wani mako in sami yatsa uku, wani mako ɗaya, akwai makon da ban sami komai ba na zauna a gindin bangon ina tunanin yadda zan yi sallama da ajina. Maiɗakina ta zo ta ajiye mini kunu ta ce, "In ka gama zaman makokin, bangon na nan yana jira." Na tashi.

Wata Juma'a a masallaci liman ya yi kabbara, na ɗaga hannu, sai na ji babban yatsana na dama ya taɓa kunnena. Na yi raka'ar farko ban san surar da aka karanta ba, Allah Ya gafarta mini.

Daga nan malamar ta yarda in koma wa tsohuwar abokiyar gabata, gorar ruwa. Ta ce in fara da rabi. Ta kuma ƙara mini wani aiki da babu shi a takarda: in riƙe gawayi in yi ta rubutu a bango daidai iyakar inda hannuna ke kaiwa, tunda aikina ba taɓa allo ba ne, tsayawa ne a can sama har a gama layi. Na cika bangon zaure da baƙaƙe.

Hutu ya zo ya wuce. Ana gobe komawa makaranta na tsaya a bango bayan la'asar, na miƙa iyakar miƙawa. Tsakanin yatsana da layin taubashina saura yatsa uku. Na sake, na sake, uku ɗin nan suna nan. Na yi alwala na yi nafila, na ce ya Allah na yi abin da zan iya.

Da safe taubashina ya zo ya ɗauke ni. Hedimasta ya raka ni har aji, ya tsaya a baya kamar mai duba tagogi. Yara suka gaishe ni suka zauna. Na ɗauki alli, na matsa kusurwar dama, na yi bisimilla a zuci, na ɗaga hannu ina jiran inda zai tsaya.

Bai tsaya ba. Allin ya wuce bakin allon ya taɓa farar ƙasar bango. Sai da na sauko da shi kaɗan sannan na sami inda zan fara. Na rubuta bisimilla tun daga kusurwa, na ja ta da kyau yadda malaminmu na zaure ya koya mana, na rubuta kwanan wata, na cika layi na farko har hagu, na dawo na biyu. Kafaɗar na zafi, amma zafin aiki ne. Da na juyo, hedimasta ya gyaɗa kai ya ce, "Malam, a ci gaba da darasi," ya fita. Na tambayi na layin baya ko suna gani, suka ce suna gani.

Da aka tashi tara na fito. Taubashina bai tafi kasuwa ba, yana zaune a kan babur a inuwar mangwaro, ya ba ajin baya. Na tsaya a gabansa.

"Bawa."

Ya ɗago kai da sauri. Wata shida ke nan bai ji wannan suna ba.

"Karan nan naka ya fi allo tsawo."

Ya sosa gemu, ya dubi gefe. "Ni ɗan kasuwa na. Ka taɓa ganin na yi awo ban sa gyara ba?"

"Gyarar yatsa nawa?"

"Fuɗu. Na so in sa biyar, na ji tausayin tsufanka."

Na miƙa masa hannun dama, fari fat da alli, na ɗaga shi sama yadda sai ya miƙe tsaye kafin ya kama. Na ce, "Ga gaisuwarka da kaka bi na. Na yahe tun ran nan, bakina na ya yi nauyi. Kai ma ka yahe man."

Ya sauko daga babur ya kama hannun da nasa biyu, ya riƙe ya daɗe. Da ya saki ya dubi tafinsa da ya yi fari, ya goga a rigata.

"Na karɓa, ba saura," ya ce. "Amma ka sani, Mai-tawada, labarin mutumin da ya karanta zane daga dama, gobe kasuwar Sanyinna za ni fara ba da shi."

Na ce ya je ya bayar, amma in zai ba da shi a kan babur, ya riƙa duban gabansa.